BABI NA HUƊU: TARKEN BADDALAR JAGORAR GIRKA DEBIAN DAGA ƘIRAR amd64 ZUWA ƘIRAR ARM

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin abin da ake nufi da babbar manhaja, da kuma yadda furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta kasu zuwa ƙira daban-daban, kowace da irin umarnin da take ganewa. A wannan babi kuwa za a ɗora jagorar girka Debian a faifan nazari, domin a ga yadda marubutanta suka sauya ta daga ƙirar amd64, wadda galibin kwamfutocin tebur da na cinya suke a kanta, zuwa ƙirar ARM, wadda ake samu a wayoyin hannu da ƙananan na'urori irin su Raspberry Pi. Ma'aunin da za a auna ta da shi guda ɗaya ne: malamin makarantar sakandare, ko mai shagon buga takardu, a Gaya ko Ajingi, in ya buɗe wannan jagora ya bi ta daki-daki, shin na'urarsa za ta tashi?

An zaɓi kalmar baddala a nan da gangan. Manazarta adabin Hausa suna amfani da ita ga irin aikin da Abubakar Imam ya yi a Magana Jari Ce, wanda aka buga tsakanin 1937 da 1939, inda ya ɗauko labarai daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da sauransu, ya sauya musu gari da sunaye da ɗabi'u har Bahaushe ya ɗauke su nasa. Mai fassara harshe yake sauyawa, ya bar duniyar matanin yadda take. Mai baddala kuwa duniyar ce yake sauyawa. Wanda zai mayar da jagorar wata ƙira zuwa wata, aikin mai baddala ke gabansa, ko da kuwa da Ingilishi ya samu matanin kuma da Ingilishi zai bar shi, saboda na'urar da ake magana a kai ta riga ta zama wata daban.

4.1 Yadda Aka Gina Jagorar

Ian Murdock ne ya kafa Debian a watan Agusta na 1993, kuma 'yan sa kai ne ke tafiyar da ita har yau. Jagorarta ta girkawa tana da babi takwas da rataye da dama. Tana farawa da gabatar da Debian, sai kayan da na'ura ke bukata, da shirin da za a yi kafin a fara, da yadda za a samu faifan girkawa, da yadda za a tayar da na'ura da shi, da yadda za a bi tambayoyin manhajar girkawa, da tashin farko bayan an gama, sannan abin da za a yi gaba.

Abin lura shi ne, ba a rubuta wa kowace ƙira littafinta daban ba. Matani ɗaya ne aka rubuta cikin tsarin DocBook, sai aka riƙa yi wa sakin layi alama: wannan na amd64 ne, wancan na arm64, wancan kuma na kowa da kowa. Idan aka zo fitar da jagorar wata ƙira, sai na'ura ta tace matanin, ta ɗauki abin da ke da alamar ƙirar da kuma abin da ba shi da alama, ta zubar da saura. Haka nan sunan fitowa da lambarta ba a rubuta su da hannu, gurbi ake bari, na'ura ta cike.

Ba za a raina wannan dabara ba. Masu aikin kaɗan ne, ƙirorin da yawa, harsunan da ake fassarawa ma sun haura goma, ko da yake babu Hausa a cikinsu. Da kowace ƙira tana da nata littafi, da gyaran kuskure guda sai an bi shi wuri-wuri, kuma ba makawa a manta da wani. Sannan babi na shida, wanda shi ne mafi tsawo, da gaske na kowa ne, domin da zarar manhajar girkawa ta tashi, tambayoyinta game da harshe da kibod da sunan mai amfani da rabon faifan ajiya kusan iri ɗaya ne a kowace na'ura. A nan tacewar ta yi daidai, kuma mai wannan bincike bai ga abin da zai ce a kai ba.

Illar tana wani wurin. Tacewa tana iya cire sakin layi ko ta ƙara, amma ba ta iya sauya ƙashin bayan littafi. Jerin babi takwas ɗin nan hoton tafiyar mai kwamfutar tebur ne: ka samo faifai, ka zura, ka kunna, ka amsa tambayoyi. Duk ƙirar da ba ta bin wannan hanya sai an lanƙwasa ta ta shiga.

4.2 Inda Baddalar ta Yi Kyau

Babi na biyu na jagorar ARM ya faɗi gaskiyar da ya kamata mai karatu ya fara ji, wato na'urorin ARM ba su da tsari guda irin na kwamfutar tebur. Dalilin haka na tarihi ne. Tun da kamfanin IBM ya fitar da kwamfutarsa a 1981, sauran kamfanoni suka kwaikwaye ta, har aka wayi gari kowace kwamfutar tebur tana da dasasshiyar manhaja, BIOS a da, UEFI daga baya, wadda ke tayar da ita ta hanya sananniya, kuma ta sanar da babbar manhaja irin kayan da ke cikinta. Shi ya sa filasha ɗaya take tayar da HP da Dell da Lenovo. Kamfanin ARM kuwa, wanda asalinsa daga Acorn ne a Ingila, zane yake sayarwa, wasu su ƙera. Broadcom da Allwinner da Rockchip da MediaTek kowa ya haɗa nasa yadda ya ga dama. Sakamakon haka da yawa daga cikin allunan ARM ba sa iya bayyana kayan cikinsu da kansu, sai an ba kanel wani fayil na musamman da ake kira bishiyar na'urori, wanda ya lissafa abin da ke kan allon da inda yake. Kuma a maimakon GRUB da aka saba da shi, sau da yawa U-Boot ne ke tayarwa, shi ma kowane allo da nasa. Kowace ƙwarya da abokiyar burminta ke nan.

Har wa yau jagorar ta bambance rassan ARM guda uku da Debian ta daɗe tana riƙe da su: armel da ya shigo a 2009, da armhf a 2013, da arm64 a 2015. Wannan ma ya taimaka.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta marubutan da ta cancanci yabo. Lokacin da aka sauya manhajar girkawa baki ɗaya a fitowar Sarge ta 2005, jagororin wasu ƙirori sun fito da gargaɗi a shafin farko, cewa ba a gama tantance su ba, kuma mai yiwuwa a tarar da bayanin tsohon tsari a ciki. Ba kowane marubucin littafin koyarwa ne zai yarda ya rubuta haka a goshin littafinsa ba.

4.3 Inda ta Gaza

Misali mafi bayyana yana cikin sashen da ya lissafa na'urorin arm64. A 2015, lokacin fitowar Jessie, an rubuta jimlar da ke ba da uzuri cewa na'urorin wannan ƙira sun shigo kasuwa a makare, dab da fitowar, shi ya sa waɗanda ake tallafawa ba su da yawa. A wancan lokaci maganar gaskiya ce. To amma da yake sunan fitowar gurbi ne da na'ura ke cikewa, sai jimlar ta ci gaba da fitowa da sabon suna, har mai karanta jagorar Buster ta 2019 ya tarar ana gaya masa cewa na'urorin arm64 sun zo a makare a zangon Buster, alhali sun shekara huɗu da ɗoriya a hannun mutane. Babu wanda ya zauna ya rubuta ƙarya. Dabarar da aka ƙirƙiro domin kada matani ya tsufa ita ce ta ɗaura wa tsohuwar magana sabuwar riga, kuma wannan ya fi barin tsohon suna muni, domin da mai karatu ya ga Jessie da ya gane cewa bayanin ya kwana biyu.

Na'urorin da aka ambata da suna a wannan jeri su ma abin dubawa ne: Mustang na kamfanin Applied Micro, da Juno na kamfanin ARM kansa. Dukansu alluna ne na injiniyoyi masu gwaji. Ba a sayar da su a kasuwar Farm Centre ko ta Beirut a birnin Kano, balle a Gaya. Na'urar ARM da makaranta za ta iya mallaka ita ce Raspberry Pi, wadda aka fara sayarwa a watan Fabrairu na 2012 domin koyar da yara, kuma ita ba ta cikin jerin.

Rashin ta a jerin yana da dalili, kuma dalilin ne ya tona asirin ƙashin bayan da aka ambata a 4.1. Raspberry Pi ba ta tashi yadda jagorar ta tsara. Sashen hoto na guntun Broadcom ne ke fara farkawa, ya nemi fayilolinsa a kason farko na katin memori, ya karanta fayil ɗin config.txt, sannan ya tayar da furosesar. Saboda haka hanyar da aka saba bi ita ce a sauko da cikakken kwafin babbar manhaja, a zuba shi kai tsaye a katin memori, a zura, a kunna. Babu manhajar girkawa, babu tambayoyin rabon faifai. Ke nan babi na huɗu da na biyar da na shida, wato cibiyar jagorar, ba su da wani amfani ga mai wannan na'ura in ya bi hanyar da aka saba. Mai baddala na gaskiya da ya rushe jerin babin ya sake gini. Mai tacewa ba shi da ikon haka.

Sai batun suna, wanda ya fi shafar ɗalibin harshe. Raspberry Pi ta farko da ƙaramar nan Zero suna da furosesa mai ƙirar ARMv6, alhali armhf na Debian yana bukatar ARMv7. Wannan ne ya sa Mike Thompson da Peter Green suka sake harhaɗa manhajojin Debian a 2012 domin su dace da ita, suka kira abin Raspbian, wanda zuriyarsa ce aka sauya wa suna zuwa Raspberry Pi OS a 2020. Matsalar ita ce su ma armhf suka kira reshensu. Suna ɗaya, abu biyu, kuma kama da wane ba ta wane. Wanda ya ɗauko manhajar armhf ta Debian ya sa wa Pi Zero, sai ta mutu a hannunsa da saƙon cewa an ba furosesa umarnin da ba ta sani ba, shi kuwa ya rantse ya karanta sunan daidai. Irin wannan ruɗani yana nan a ɗaya ɓangaren ma. Sunan amd64 ya samo asali ne daga kamfanin AMD da ya fara fitar da ƙirar a 2003, amma kwamfutocin Intel na yau ma a kanta suke. Mai shago da ya ga tambarin Intel a jikin na'urarsa yana da hujjar ya tsallake wannan jagora, ya ɗauka ba tasa ba ce.

4.4 Mai Karatu na Gaya da Ajingi

Kowane littafin koyarwa yana da mai karatun da marubuci ya hango. Na wannan jagora mutum ne mai wutar lantarki da ba ta yankewa, da intanet da ba a auna masa, da kwamfuta ta biyu da zai duba in ta farko ta ƙi tashi. Ba a rubuta haka ko'ina ba, amma ana ganinsa cikin abin da aka yi shiru a kai.

Me ya sa batun ya dami waɗannan ƙananan hukumomi biyu? Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga jami'a kan kwamfuta baki ɗaya. Yaron da ya gama sakandare a wani ƙauyen Ajingi, ko da jami'ar Wudil da ke maƙwabtaka yake nema, sai ya zauna gaban kibod ranar da ba ta da gyara. Kwamfutocin da zai koya a kansu kuwa galibi na hannu ne, kuma shekarar 2025 ta matse su ta fuska biyu. Ranar 14 ga Oktoba kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, ga shi Windows 11 ba ta karɓar tsofaffin na'urori. Kafin nan, ranar 9 ga Agusta, Debian 13 ta fito ba tare da manhajar girkawa ko kanel na ƙirar i386 ba, wato ta bit 32. Mai irin wannan na'ura zai iya zama a kan Debian 12, wadda tallafinta na dogon zango zai kai tsakiyar 2028. A nan ya kamata a ja kunnen malamai kada su yi saurin jingine kayansu, domin kwamfutoci da yawa da aka sa wa Windows ta bit 32 furosesarsu ta bit 64 ce, kuma amd64 zai hau kansu lafiya. Waɗanda suka rage ne za a nema wa magaji, kuma nan ne ARM ke shigowa, saboda cajar Raspberry Pi 4 wat 15 ce kacal, abin da ƙaramin farantin sola da batir za su ɗauka, ban da abin da sikirin zai ci.

To amma ga abin da jagorar ba ta hango ba. Na farko, katin memori ba ya jure yankewar wuta yana tsakiyar rubutu, sau da yawa nan take tsarin fayilolinsa ke lalacewa. A inda ake sauyawa daga wutar nefa zuwa janareta sau da dama a yini, umarnin a ajiye kwafin katin na biyu a aljihun tebur ya fi rabin abin da ke babi na takwas muhimmanci.

Na biyu ya fi ɓuya. Kwamfutar tebur tana da ɗan batir a cikinta mai riƙe agogo ko an kashe ta. Raspberry Pi daga ta farko har ta huɗu ba ta da shi, sai a Pi 5 ta 2023 aka sa agogon, shi ma batirinsa daban ake saye. Na'urar tana dogara ne ga intanet ta tambayi lokaci duk sanda ta tashi. Jagorar ta yi bayanin saita agogo ta intanet a taƙaice ta wuce, domin a wurin marubutanta wannan ba matsala ba ce. Amma a ɗauka an rufe ɗakin kwamfuta tsawon hutun zango, aka dawo aka kunna ba data. Na'urar za ta ci gaba daga ranar da aka kashe ta, takardun da aka buga su ɗauki kwanan wata na bogi. Ranar da aka samu data kuma, in aka yi gaggawar sabunta manhaja kafin agogon ya daidaita, sai ta ƙi, ta ce fayil ɗin ma'ajiyar lokacinsa bai yi ba tukuna. Malamin da bai san tushen abin ba zai ɗauka na'urar ce ta lalace.

Na uku shi ne kuɗin data. Jagorar ta fi karkata ga ƙaramin faifan nan na ɗaruruwan megabait, wanda ke sauko da sauran kaya daga intanet yayin girkawa. Ga mai na'ura ɗaya wannan tanadi ne. Ga mai na'ura goma kuwa sayen abu ɗaya ne sau goma, alhali da ya sauko da babban faifan DVD na kusan gigabait huɗu sau ɗaya a inda sabis ke da ƙarfi, da ya wadatar da su duka. An ambaci wannan hanya a jagorar, sai dai ba a ba ta matsayin da ya dace da mai karatu irin namu ba. Ya kamata dai a yaba da shawarar da 'yan Debian suka yanke a 2022 ta sanya dasassun manhajojin kamfanoni cikin faifan girkawa tun daga Debian 12, domin kafin nan mutum yakan bukaci intanet kafin ya samu abin da zai kunna masa katin intanet ɗin.

4.5 Batun Harshe

Duk wanda zai kawo wannan jagora cikin Hausa baddala biyu ke kansa, ta ƙira da ta muhalli, kafin ma a zo ga kalmomi. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Dalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya tsaya ne ga nazarin harshe da adabi da koyarwa, bai taɓo wannan fage ba. A ra'ayin mai wannan bincike, inda masu gyara suka riga suka hausantar da kalma, kamar filasha da memori da kibod, a bar musu abinsu. Ƙirƙira sai inda babu kowa, kamar bishiyar na'urori. An fifita ƙira a kan zubi ko tsari saboda tana ɗauke da ma'anar abin da aka riga aka buga ya daskare, ba ya sauyuwa da lallashi, kuma mutanen Gaya, waɗanda tarihin baka ya ce maƙeransu ne suka fara zama a gindin Dala suna neman tama, ba sai an yi musu dogon bayanin kalmar ba.

Akwai kuma abin da jagorar Hausa za ta ƙara wanda ta Ingilishi ba ta da dalilin damuwa da shi, wato haruffa masu lanƙwasa. Linux tana da tsarin kibod na Nijeriya mai reshen Hausa, tana kuma da saitin yanki mai suna ha_NG. Idan ba a nuna wa malami inda zai zaɓe su ba, ɗalibansa za su yi ta buga baki a wurin baƙi, da kafa a wurin ƙafa.

Umarnin da ake bugawa kuwa ba a fassara su, amma a nan ne bayanin Hausa ya kamata ya fi tsawo. Alal misali, jagorar ta nuna yadda ake zuba faifan girkawa a filasha da umarnin cp, inda aka rubuta wurin zubawa da /dev/sdX, ta kuma yi gargaɗin cewa duk abin da ke wurin zai shafe. Harafin X gurbi ne da mai karatu zai cike da kansa. A kwamfutar tebur mai faifan ajiya ɗaya, sau da yawa sda shi ne faifan da duk aikin shagon ke ciki, filashar kuma sdb. A Raspberry Pi kuwa katin da na'urar ta tashi da shi mmcblk0 ake kiransa, filashar da aka zura ita ce ke zama sda. Ke nan harafin da ke daidai a wannan ƙira shi ne mai share sakamakon jarrabawar ɗalibai a waccan. Samfurin da aka kawo a babi na biyar ya ware wa wannan harafi shafi guda, tare da umarnin lsblk da za a buga kafin a zura filashar da kuma bayan an zura, domin mai aiki ya ga sunan da ya ƙaru da idonsa.